Tambayoyi da amsoshi kan matsalolin wuta da hoto a tsohon akwatin talabijin mai tulu

Waɗannan su ne tambayoyin da suke yawan dawowa a bakin masu riƙe da tsohon akwatin talabijin, mai gilashi mai kauri a gaba da doguwar ƙeya a baya. Kalmar "tulu" a nan tana nufin babban gilashin da hoto yake fitowa a kansa, wanda yake da siririn wuya ta baya, "bawul" kuwa ƙananan kwalaben nan ne masu jan haske da ake samu a akwatunan da suka fi tsufa, kafin transista, 'yar aba mai ƙafa uku da ke yin irin aikinsu, ta maye gurbinsu.

1. Me ya sa ake cewa a fara da sashen wuta, ko da matsalar ta hoto ce?

Saboda kusan duk abin da ido yake gani a fuskar akwatin daga layin wuta ɗaya yake sha. Wutar gida tana shiga ta fiyus, dayod huɗu (ƙananan kaya masu barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) su miƙar da ita, babbar kwandansa (abin da ke ajiye caji) ta tara ta, kuma inda wutar gida take volt 220 zuwa 240, abin da yake taruwa a kwandansar yakan kai volt 300 ko fiye. Daga nan ake sauke ta zuwa babban layin da ake kira B+, wanda a yawancin akwatuna masu kala na zamanin transista yake tsakanin volt 110 da 145, gwargwadon girman tulu. Wannan layi ne yake ciyar da sashen da ke jan hoto hagu da dama, sashen kuma yana tuƙa taransifomar da ake kira filaibak, daga filaibak ɗin ake samun babbar wutar tulu, da wutar hitarsa (zaren da ke ɗumama cikin wuyansa), da ta sashen jan hoto sama da ƙasa, da ta kaloli.

Ke nan kwandansa guda da ta bushe a tushe tana iya bayyana a matsayin hoto tsukakke, ko dusasshe, ko mai rawa. Wanda ya bi kowace alama da sukudireba yana murɗa ƙananan maɓallan daidaitawa zai wargaza saitin masana'anta, cutar kuma tana nan inda take. Auna B+ ba ya cin minti biyu, kuma sau da yawa an rubuta adadin da ake so a jikin fanel ɗin, wato allon da aka dasa kayan akwatin a kansa.

2. Da gaske ne wuta tana iya jan mutum bayan an zare filogi?

Da gaske ne, a wuri biyu. Na farko shi ne tulun kansa. An shafe gilashinsa ciki da waje da abin da wuta ke bi, don haka yana ajiye caji tamkar kwandansa. Akwati mai kala yana aiki da kimanin volt 25,000, mai baƙi da fari kuwa da volt 12,000 zuwa 18,000, kuma ragowar cajin yana iya kwana da kwanaki. Ba kasafai shi kansa cajin yake kisa ba. Abin tsoro shi ne fizgar da hannu zai yi, ya tsage a bakin ƙarfe ko ya karya wuyan tulu. Idan aiki ya kai ga cire murfin robar nan da ke manne a bayan tulu, sai a zare filogi, a maƙala kan waya ɗaya a jikin saƙaƙƙiyar wayar da ta ratsa bayan tulun, ɗaya kan a jikin ƙarfen sukudireba mai kyakkyawan mariƙi, a sa hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin sukudireban a ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfen ciki. Za a ji "tas". A dakata minti ɗaya a sake, domin cajin yakan ɗan dawo.

Na biyu, wanda ya fi na farkon haɗari ko da yake ba a cika jin tsoronsa ba, shi ne babbar kwandansar sashen wuta. Volt 300 ɗin da ke cikinta suna da nauyin da zai taɓa zuciya. Ana sauke ta da razista (abin da ke rage gudun wuta) mai kauri ko da ƙwan fitila mai zare, ba da bakin sukudireba ba, sannan a tabbatar da mitar auna wuta cewa ta sauka.

Akwai kuma abin da ya shafi aiki a kan akwati yana kunne. Tsofaffin akwatuna da yawa ba su da taransifomar da ke raba su da wutar gida, ta yadda ƙarfen gindinsu kansa yana iya ɗauke da wuta, shi ya sa ake aiki a kansu ta bayan taransifoma mai keɓe wuta. Ba a ɗaga tulu ta wuya, domin babu iska a cikinsa, kuma idan ya fashe gilashi yakan watsu da ƙarfi. A akwatuna masu kala na zamanin bawul, kejin ƙarfen da ya rufe sashen babbar wuta yana tare hasken eksire ne, ba ado ba ne: a 1967 kamfanin General Electric ya janye dubban akwatuna a Amurka saboda yoyon wannan haske, kuma a 1968 aka kafa dokar da ta iyakance shi a ƙasar. Wanda bai saba da mita ba, abin da ya fi masa shi ne ya bar murfin baya a rufe ya kai wa mai gyara.

3. Akwatin ya shekara da shekaru a ajiye. In jona shi kawai in gani?

A'a. Kwandansa masu ruwa a ciki, waɗanda suke kama da ƙananan gwangwanaye, suna raunana idan suka daɗe ba su ga wuta ba, kuma idan cikakkiyar wuta ta faɗa musu lokaci guda suna iya yin zafi su fashe. A fara buɗe baya a duba da ido da hanci: wayar da ɓera ya ci, razistar da ta yi baƙi, kwandansar da kanta ya kumbura ko ta zubar da farin gari a gindi. Sannan a kunna ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 100 ko sama, wanda aka jona a jere a kan waya mai wuta, ta yadda duk abin da akwatin zai sha sai ya ratsa ƙwan. Idan ya yi haske da farko sannan ya dushe, alamar lafiya ce. Idan ya tsaya da cikakken haskensa, akwai abin da ya haɗe a ciki, kuma ƙwan ya shanye dukan da da kayan akwatin ne za su sha. Ƙwan zamani marar zare ba ya yin wannan aiki.

A akwatin bawul akwai abubuwa biyu da ba a jira su nuna alama. Kwandansa na takarda da aka lulluɓe da kakin zuma suna yoyon wuta idan suka tsufa, kuma guda ɗaya tak tana iya sa bawul ya yi ta shan wuta har ya ƙone. Sai kuma mai miƙar da wuta na siliniyom, mai jerin faranti kamar an soke su a tsinke, wanda idan ya ƙone yake fitar da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kuma cutarwa. Ana maye shi da dayod irin 1N4007, amma dole a haɗa da razista a jere, domin dayod ɗin ba ya cinye wuta kamar yadda siliniyom yake yi, layin zai haura adadinsa.

4. Akwatin ya mutu murus, ko 'yar fitilar gaba ba ta kamawa. Daga ina zan fara?

Daga fiyus, amma a kalle shi da kyau kafin a jefar. Idan gilashinsa garau ne, zaren kawai ya tsinke, mai yiwuwa tsufa ne ko hawan wuta. Idan ya yi baƙi ƙirin daga ciki, wani abu ne ya haɗe da ƙarfi, kuma sabon fiyus zai bi sahun tsohon. Abubuwan zargi su ne dayod huɗun nan, da transistar da ke saran wuta a sashen, da babbar kwandansa, da wata 'yar aba mai ƙafa biyu ko uku da ake kira fozista, wadda take ciyar da kwayil ɗin da ya zagaye tulu (duba tambaya ta 10). Idan aka cire fozistar aka girgiza ta kusa da kunne aka ji tana kacau-kacau, ta farfashe a ciki. Kada a naɗe fiyus da waya. Wannan mayar da akwatin ne shi kansa fiyus.

Idan fiyus lafiya ne, volt 300 suna nan a kwandansa, amma babu abin da ke fitowa, a auna manyan razistocin da ke tayar da sashen, masu ɗaruruwan dubban om, domin sukan yanke shiru ba tare da sun canja kama ba. A irin wannan hali kwandansar takan daɗe a cike, tunda babu mai shan wutarta, sai a sake karanta tambaya ta 2. A akwatunan bawul na Turai kuwa, bawul masu suna da harafin P, irin su PL504 da PY88 da PCL805, hitocinsu a jere suke a layi ɗaya mai jan miliyamf 300, saboda haka idan hitar guda ta tsinke dukkansu za su mutu tare.

5. Ina jin "tik, tik, tik" ko siririn fito, amma akwatin ba ya tashi. Ko ya tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu.

Wannan ƙarar sashen wuta ne yana yunƙurin tashi, yana tarar da kaya ya fi ƙarfinsa, yana komawa. Mafi yawan lokuta babbar transistar da ke tuƙa filaibak ce ta haɗe, irin su BU508 ko 2SD1555. A cire ta a auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta ƙarshe. A lura cewa wasu irinta suna da dayod da razista a ciki, don haka ƙaramin adadi tsakanin ƙafafu biyun gefe ba laifi ba ne. Kafin a sa sabuwa, a jona ƙwan fitila na wat 60 a kan layin B+ a matsayin kaya, a kunna: idan ƙwan ya kama, mita ta nuna adadin da ake so, sashen wuta ya fita daga zargi.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan amsa shi ne cewa wannan transista ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kashe ta ake yi. Wanda ya sa sabuwa bai nemo abin da ya kashe tsohuwar ba, sau da yawa yakan ga hoto na minti goma sannan ya sake jin "tik, tik". Masu kashe ta huɗu ne: B+ da ya haura saboda ƙananan kwandansan sashen wuta sun bushe, filaibak da ya haɗe a cikin naɗinsa, dalmar da ta tsage a ƙafafun ƙaramar taransifomar da ke gabanta, da kwandansar nan mai jure volt 1,600 zuwa 2,000 da ke haɗe da ita. Idan wannan kwandansa ta ragu, babbar wutar tulu takan haura, shi ne akwatin zai tashi, a ji tsartsar caji a gilashi, sannan sashen kariya ya kashe shi nan take. Kada a kuskura a tsallake wannan kariya don a ga hoto, domin hasken eksire take hanawa.

6. Akwai murya amma fuska baƙa ce.

Abu biyu ake dubawa ba tare da mita ba. A rage hasken ɗaki a leƙa wuyan tulu: ya kamata a ga ɗan jan haske kamar garwashi. Sannan a kai bayan hannu kusa da gilashin gaba lokacin kunnawa. Idan gashin hannu ya miƙe, babbar wuta tana nan. Idan akwai caji amma wuyan tulu duhu ne, hita ce ba ta samun volt 6.3 ɗinta, galibi saboda ƙaramar razista ta yanke ko dalma ta saki a soket ɗin tulu. Mita ta gama-gari ba ta karanta wannan wuta daidai idan daga filaibak take zuwa, domin tana bugawa sau 15,625 a daƙiƙa a tsarin watsa hoto na PAL.

Idan duka biyun suna nan, a yi wa maɓallin ƙasa na jikin filaibak, mai rubutun SCREEN, alama da alƙalami, a ɗan murɗa shi sama. Abin da ya bayyana shi zai nuna hanya: layi ɗaya a kwance yana kai mutum tambaya ta 7, fuska mai haske marar hoto kuwa tana nufin laifin yana sashen hoto, tulu da filaibak lafiya suke. A mayar da maɓallin kan alamarsa bayan haka. A akwatin bawul, idan aka ga farantin cikin babban bawul irin PL504 ya yi jajir, a kashe nan take, domin bugun da ke tuƙa shi ya ɗauke, kuma 'yan mintuna sun isa su gama da shi.

7. Hoton ya koma layi ɗaya mai haske.

Kafin komai a rage haske, domin duk ƙarfin da ya kamata ya bazu a fuska ya taru a layi ɗaya, kuma zai bar tabon da ba ya goguwa. Layi a kwance yana nufin sashen jan hoto sama da ƙasa ya tsaya. A duba wutar da ke ciyar da shi, wadda a akwatuna da yawa take volt 24 zuwa 28, tana zuwa daga filaibak ta cikin dayod da 'yar razista mai kimanin om ɗaya. Idan razistar ta yanke, a zargi aisin sashen (baƙar aba mai ƙafafu da yawa), irin su LA7830 ko TDA3653 ko AN5521, amma a fara sabunta dalmar ƙafafunsa, domin yana zafi sosai kuma dalmarsa ce ta fi tsagewa. A kuma canja kwandansan da ke kewaye da shi; su ne suke jawo hoto ya naɗe daga sama ko fararen layuka su fito a saman fuska kafin aisin ya mutu.

Layi a tsaye ba a cika ganinsa ba. Tunda akwai haske, babbar wuta tana nan, ke nan transista da filaibak suna aiki, hanyar da ke tsakaninsu da yok, wato naɗin wayar da ke wuyan tulu, ce ta yanke. Sau da yawa ana ganin wurin da ido, dalma ta ƙone ta yi baƙin rami.

8. Hoton ya tsuke, ko yana da baƙin bango mai tafiya, ko yana kumbura idan wuri mai haske ya zo.

Idan ya tsuke ta kowane gefe, B+ ya yi ƙasa, a koma tambaya ta 1. Baƙin bango mai faɗi da ke rarrafe sannu a hankali sama ko ƙasa, sau da yawa tare da gunji a lasifika da lanƙwasar gefen hoto, alama ce ta babbar kwandansa ta daina tace wuta. Adadin bangon ma yana da ma'ana: biyu a fuska suna nuna kwandansar ce, ɗaya kuwa yana iya zama dayod guda ne ya yanke, ko a akwatin bawul, wutar hita ce take yoyo zuwa cikin wani bawul. Hoton da yake kumbura yana dushewa idan aka ƙara haske yana nuna babbar wutar tulu ba ta da ƙarfin riƙe kanta. A akwatin bawul ɗan ƙaramin bawul irin DY87 ko 1B3 ne ya gaji, a na transista kuwa, idan B+ yana tsaye daram, filaibak ne.

9. Fuska ta yi fari fat da siraran layuka a karkace, ko kala ɗaya ta mamaye komai.

Waɗannan layuka sawun komawar haske ne, wanda bai kamata ido ya gani ba. Idan ba wani ne ya murɗa SCREEN ya wuce gona da iri ba, a auna layin volt 180 zuwa 200 da ke ciyar da ɗan fanel ɗin wuyan tulu, domin idan kwandansarsa ta bushe wutar takan faɗi, faɗuwarta kuma ƙara haske take yi. Idan kala ɗaya ce ta mamaye da irin waɗannan layuka, ko transistar wannan kala ta haɗe, ko kuma hita ta taɓa katod ɗin kalar, wato ɓangaren da take ɗumamawa, a cikin tulu. A raba ƙafar katod ɗin da fanel. Idan kalar ba ta gushe ba, laifin yana cikin tulu, kuma ƙwararru sukan cece shi ta hanyar ba hitar wuta ta daban da ba ta haɗe da ƙarfen gindi. Rashin kala ɗaya ana gane shi daga abin da ya rage: hoto mai rawaya ya rasa shuɗi, mai shunayya ya rasa kore, mai shuɗi-kore ya rasa ja.

10. Akwai tabon kala a kusurwa.

Bayan gilashin tulu mai kala akwai siririn farantin ƙarfe mai ƙananan huji, kuma idan maganaɗisu ya kama shi kaloli sukan sauka a gurbin da ba nasu ba. A kawar da lasifika daga kusa, a kashe akwatin daga soket na rabin awa domin fozista ta huce, a sake kunnawa don kwayil ɗin da take ciyarwa ya goge maganaɗisun. Idan ba a ji ɗan gunjin nan na farkon kunnawa ba, tabon kuma bai motsa ba, fozistar ce. Tabon da ya biyo bayan faɗuwar akwati kuwa yawanci farantin ne ya goce, ba shi da magani. Siririn layi ɗaya ko biyu a kwance a tulun Trinitron na Sony ba laifi ba ne, wayoyi ne da ke riƙe ragar ciki.

11. Matsalar sai akwati ya yi zafi take zuwa, kuma idan na buga gefensa sai ta tafi.

Wannan dalma ce da ta tsage. A juya fanel a duba da madubin ƙara girma a ƙarƙashin haske mai kyau: za a ga siririn zobe kamar gashi ya zagaye ƙafar abin da ke zafi ko mai nauyi, musamman filaibak, manyan razistoci da soket ɗin tulu. Ana gano wurin ta ƙwanƙwasa fanel a hankali da sandar roba. Buga akwati ba gyara ba ne, kuma kowane tartsatsi da ke tashi a tsagar yana matsar da transistar tambaya ta 5 kusa da ajalinta. Akasin haka, akwatin da yake ƙin tashi da sanyi sai ya ɗumama, kwandansa ce ta bushe. Idan kuma ana jin tsartsa da wani wari mai kaifi lokacin danshi, ƙura ce ta ba babbar wuta hanya a gefen murfin roba. A sauke cajin, a goge wurin ya bushe.

12. Hoton ya dushe kuma ba ya fita sarai. Tulu ne ya mutu?

Kada a yi saurin yanke masa hukunci. A fara gwada maɓallin FOCUS, a kuma zare soket ɗin wuyan tulu a duba ko tsatsa mai launin kore ta ci ƙafar da ke keɓe ita kaɗai, domin wannan kan sa hoto ya yi hazo na mintunan farko. Tulun da ya gaji da gaske yana daɗewa kafin ya kawo haske, fararen wurare suna yin kamar azurfa suna jan jela, kaloli kuma ba sa daidaituwa. Akwai na'urar da ke farfaɗo da shi ta ƙone dattin da ya rufe katod, amma sakamakon na iya zama na shekara ko na mako, wani lokaci ma ta ƙarasa shi. Ƙara wa hita wuta ma haka ne, rance ne daga ragowar kwanakinsa.

13. Hoto yana birgima, ko ɗige-ɗige kawai nake gani kamar yayyafi.

Yayyafin da ya cika fuska labari ne mai daɗi, domin yana nuna wuta da tulu da sassan jan hoto duk suna aiki. Ƙasashe da yawa sun daina watsa shirye-shirye ta tsohon tsari, don haka eriya kaɗai ba lallai ta kawo komai ba. A gwada da dikoda ta ramin AV, wato inda ake soka wayar hoto da murya, ko ta na'urar da ke mayar da AV zuwa siginar eriya. Birgima kuwa, idan maɓallin riƙe hoto na baya yana iya rage gudunta amma ba ya tsayar da ita, sashen da ke ware bugun daidaitawa daga sigina ake dubawa.

14. Ba gara in canja dukkan kwandansa lokaci guda in huta ba?

Ya danganta da zamanin akwatin. A na bawul, kwandansan takarda da kakin zuma duk sun cancanci fita, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 3, amma a riƙa canja biyu ko uku ana gwadawa, domin wanda ya canja arba'in a zama ɗaya ya yi kuskure a guda ba zai san inda zai nema ba. Kada a taɓa kwandansan maika da na tangaran da ke sassan kama tasha, tunda ba su cika lalacewa ba kuma canja su yana wargaza saitin da sai da na'ura ake mayarwa. A akwatin transista ya fi kyau a auna su da mitar ESR, mai gano kwandansar da ta bushe, a fara da waɗanda ke kusa da ƙarfen sanyaya transista. Sabuwar kwandansa ta yi daidai da tsohuwar a maikrofarad, ta kai ta ko ta fi ta a volt, a zaɓi mai jure digiri 105 maimakon 85, kuma a ɗauki hoton fanel kafin a cire ta, domin alamar ƙafar da aka buga a jikin fanel wani lokaci takan saɓa wa yadda aka dasa ta asali.